Hutu Ya Ƙare, Uwargida: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

   

Ga shi malka ta wuce, hadari ya fara yin nisa tsakani, gero ya nuna har an soma cin tumu a ƙauyuka, a birni kuwa masu gasa masara da masu dafaffiyar gyaɗa sun cika bakin titi. Duk macen da ta kwana biyu da tara iyali ta san abin da waɗannan alamu suke nufi ba sai ta dubi kalanda ba, watau dogon hutu ya zo ƙarshe, Satumba ya kama, makarantu suna gab da buɗewa.

Na san da yawa daga cikinmu suna hamdala a zuci, kuma ban ga laifinsu ba. Mako shida ko fiye tukunya ba ta huta ba. Kafin ki gama wanke kwanonin kalaci wani ya ce yunwa yake ji, kafin ki sallame shi waɗancan biyu sun kaure da dambe a kan ƙwallo, ga 'ya'yan maƙwabta sun mai da tsakar gidanki dandali, ga ruwan sama ya tsare kowa a ɗaki, shanya kuwa sai ta kwana biyu a igiya ba ta bushe ba. Awon da ke kai wata a lokacin karatu, da hutu sai ki ga ya ƙare tun wata bai yi nisa ba. Amma kafin ki miƙe ƙafa ki sha iska, uwargida, akwai sauran aiki a gabanki, kuma 'yan kwanakin nan da suka rage su ne lokacinsa.

Da farko dai kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa yunifom ɗinsa da takalminsa a gabanki, yau ɗin nan, kada a bari sai daren Lahadi. Za ki sha mamaki. Yaron da kike gani kullum ba kya lura da girmansa sai tufafi sun tona. Wando ya ɗage ya bar idon sawu a waje, riga ta kama hammata, takalmi kuma sai an tanƙwashe yatsu. Ɗan firamare yakan ƙara tsawon kamar santimita 5 zuwa 6 a shekara, amma idan yarinya ta shiga shekarun zabura, watau tsakanin 10 da 14, tana iya ƙara santimita 8 a shekara guda. Namiji tasa zaburar takan zo daga baya da kamar shekara biyu, shi ya sa za ki ga 'yar shekara 12 ta kere wa yayanta ɗan 13 tsawo, har abin ya zama abin tsokana a gida. Ki ba shi haƙuri, zai kamo ta ya wuce.

Idan sabon ɗinki za a yi, a kai wa tela da wuri, don kin san halinsu idan aiki ya taru, alkawarin jibi sai ya koma na mako mai zuwa. Ki ce ya saki hannu, ya kuma bar yadi a cikin kalmasar ƙafar wando da ta bakin riga, yadda idan zango na biyu ya zo sai a warware a sake kalmashewa. Takalmi kuwa, in ba da yaron za a je kasuwa ba, sa shi ya taka farar takarda yana tsaye, ki zagaye ƙafar da biro, sa'an nan a ƙara faɗin babban yatsa guda a gaba. Da yamma ake wannan awo, domin ƙafa takan ɗan buɗe bayan yawon yini. Kwancen yaya ba abin kunya ba ne ga ƙane, haka nan gwanjo, masu zuwa Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna sun san ana dace da kaya masu ƙarko. Sai dai ki tuna da ƙaramin nan wanda tun da ya shiga makaranta bai taɓa sa sabo ba. Ko safa ce ko jaka, a saya masa wani abu da zai ce nasa ne tun daga kanti. Yara suna lissafin irin wannan a zuci fiye da yadda muke zato.

Duk wannan kuwa magana ce ta kuɗi, kuɗin kuma sai an zauna da maigida. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 babu gidan da bai ji a jika ba, kuɗin mota da na abinci da na littafi duk sun tashi tare. Saboda haka kada ki tare shi a bakin ƙofa da jerin bukatu yana shigowa da gajiya. Bari ya ci abinci ya natsu, ki kawo masa a rubuce, kin riga kin ware abin da ba makawa daga wanda zai iya jira zuwa ƙarshen wata. Namiji ya fi saurin sa hannu a aljihu idan ya ga an yi lissafi da tausayinsa. Ke ma in kina da sana'a ki kama, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai yin adashi kuma ta roƙi uwar adashi tun yanzu a sa mata kwasarta ta baɗi a watan Agusta. A nan dole in faɗi wata magana ko da za ta yi wa wasu ɗaci. Akwai wadda a cikin hutun nan ta yi anko uku na biki, amma ranar komawa makaranta sai ta ce ba ta da kuɗin littafin rubutu. Haba 'yar'uwa! Ai amaryar ma ba ta tuna wa ya sa anko wa bai sa ba.

Kakannin yaran nan da yawa su ne 'yan farin shirin ilmin firamare kyauta da aka fara a 1976, lokacin da aka riƙa bi gari gari ana rubuta yara. A 2004 kuma aka yi dokar da ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne, ta ɗora wa iyaye nauyin kai yaro. Amma kowace uwa ta san kyautar ba ta haɗa da yunifom da takalmi da kuɗin tara ba, balle waɗanda 'ya'yansu ke makarantun kuɗi. Wadda abin ya fi ƙarfinta bana, gara ta je ko ta aika a ga hedimasta a nemi sassauci, ko a mai da yaron makarantar gwamnati, da a ce ya zauna gida sai an samu. Zaman da aka ce na mako biyu ne shi ke zama na zango guda, na zango guda kuma ya zama an daina.

Sai maganar lafiya, wadda ta fi ta tufafi nauyi. Kada ganin ruwa ya ja baya ya sa ki naɗe gidan sauro. Ƙarshen damina da farkon kaka su ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Hausa, domin kududdufai da 'yan ramuka duk sun cika sun kwanta, ƙwan sauro kuwa cikin kwana 10 ko kusa da haka ya zama sauro mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan ciwo a duniya a Nijeriya suke. Tun 2012 hukumar ta ba da shawarar a riƙa ba ƙananan yara maganin rigakafi wata wata a lokacin damina, shi ne wanda ma'aikatan lafiya ke bi gida gida da shi don 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Su ke ba da na ranar farko, su bar miki na rana ta biyu da ta uku. Lalle ki ba da su, kada a jefa a kwanon samira a manta. Amma ki lura, 'yan makaranta ba sa cikin wannan rabo, su gidan sauro ne garkuwarsu. Sabo a baza shi a inuwa ya kwana ya yini kafin a ɗaura, wanda aka wanke ma a inuwa ake shanya shi, wanda ya huje kuwa allura da zare ne maganinsa.

Idan jikin yaro ya yi zafi a kai shi a gwada jini tukuna, gwajin nan na ɗan tsinke bai wuce minti 20 ba, don ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. In an tabbatar, maganin da ake bayarwa yanzu na kwana uku ne, kuma sai an shanye shi duka ko da yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Rage saura a ajiye wa ƙanensa, wannan tsimi ne mai tsada. Farasitamol zafi kawai yake saukarwa, ba ya kashe cutar. Yaron da ya fara shiɗewa, ko yake aman duk abin da ya sha, ko ya kasa shan komai, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya ta da shi, wannan ba na jiran maigida ya dawo daga kasuwa ba ne, a nufi asibiti. Gudawa ma ta wannan lokaci ce. In babu ƙullin gishiri da sukari na asibiti a kusa, a samu lita guda ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan a kan hanyar neman magani.

Waɗanda suka yi hutu a ƙauye wurin kaka, sun dawo da tsarabar gyaɗa da labarai da kaushi, a duba musu kai da tsakanin yatsu saboda kwarkwata da makero da ƙazuwa, kafin su kai wa 'yan ajinsu. Ki kuma tambayi mazan ko sun yi wanka a kududdufi ko a rafi. Za su ce a'a, amma ki sa ido. Tsargiya ba ta nuna kanta nan take, sai bayan wata biyu zuwa uku yaro ya fara ganin jini a ƙarshen fitsari. Wata 'yar tsutsa ce da ke fitowa daga jikin dodon koɗi a cikin ruwa ta huda fata ta shiga. A wasu wurare har yau ana ɗaukar jinin nan alamar yaro ya zama namiji. Ba haka ba ne, ciwo ne da ke cin jini yana lalata mafitsara, maganinsa kuwa ƙwaya ce da ake sha gwargwadon nauyin yaro.

Barci ma sai an gyara shi tun yanzu. Yaran da suka saba kai wa sha biyun dare a gaban talabijin ko a kan wayar uwarsu ba za su tashi da asuba ranar Litinin don kin daka tsawa ba. Ɗan firamare yana bukatar awa 9 zuwa 12 na barci, ɗan sakandare awa 8 zuwa 10. A fara jawo lokacin kwanciya baya da rabin awa kowane dare, waya kuma ta kwana a ɗakinki. Da hantsi a sa kowa ya ɗauko littafinsa na bara ya karanta shafi guda da ƙarfi. Ko ba ki yi boko ba kunnenki zai gaya miki wanda ke tafiya sumul da wanda ke tuntuɓe, kuma yaron da ya san uwarsa za ta ce a buɗe jaka ba ya zama daidai da wanda ba a taɓa tambaya ba.

To, yanzu bari mu zo ga abin da ya fi damuna. A cikin yaran da kika jera ɗazu suna gwada kaya, watakila akwai wadda rigarta ta matse ba don tsawo kaɗai ba. Ta shiga hutu tana yarinya, ga shi za ta fita tana budurwa. Ƙirji ya fara tasawa, ta fara daɗewa a gaban madubi, abu kaɗan ta yi fushi, abu kaɗan ta yi kuka, ta daina wasan 'yar tsana da ƙannenta. Jinin al'ada yakan zo kamar shekara biyu bayan ƙirji ya fara, ga mafi yawan 'yan mata tsakanin shekara 11 da 14. Ki yi lissafi da kanki. Idan ya kusa, to yana iya samunta a cikin aji, ko a ɗakin kwanan makaranta, nesa da ke, da farin wando a jikinta, a tsakiyar yaran da ba su san komai ba sai dariya. Yarinya nawa ce ta ga jini ta ɗauka wani mugun ciwo ne ya kama ta, ta ɓoye, tana kuka ita kaɗai a makewayi?

Na san abin da za ki ce, kunya. Balle idan 'yar fari ce, wadda ko sunanta ba kya kira. Kunya ado ce, ba ni kuwa cewa a yar da ita. Amma iyayenmu da suka yi kunyar 'ya'yan fari ba su bar su a duhu ba, akwai gwaggo a gidan, akwai kaka, akwai matar baffa, su ke jan yarinya ɗaki su yi mata bayani. Yau da yawa muna zaune daga mu sai maigida sai yara a gidan haya, gwaggo tana wani gari, kaka tana ƙauye. Idan kika yi shiru babu mai yi a madadinki sai ƙawa da waya, su kuwa ba ki san abin da za su koya mata ba. In bakinki ba zai iya ba, ki kira ƙanwarki ko yayarki ko malamarsu ta Islamiyya musamman saboda wannan, kafin ranar komawa.

Abin da za a gaya mata ba shi da yawa. A ce mata wannan ba ciwo ba ne, ba kuma alamar ta yi wani laifi ba, haka Allah ya halicci kowace mace. A nuna mata yadda ake sa audugar mata ko ƙunzugu, da cewa ana canzawa sau uku ko huɗu a yini, da inda ake zubarwa. Mai amfani da ƙyalle ta wanke shi da sabulu ta shanya a rana ya bushe ƙarau, kada kunya ta sa ta tura shi ƙarƙashin katifa da danshi. A gaya mata a shekarar farko yakan yi wasa, ya zo wannan wata ya tsallake wancan, kuma ciwon mara kaɗan ba abin tsoro ba ne, amma wanda ke kwantar da ita ko zubar da ta wuce mako guda sai a ga likita. A koya mata hukuncin salla da azumi da wankan tsarki. Sa'an nan a sa mata auduga guda biyu da wando a cikin 'yar jaka a ƙasan jakar makaranta, ko bai zo ba tukuna.

Abu guda nake roƙo a daina, shi ne tsoratarwar nan ta cewa daga yau ko hannunki namiji ya taɓa kin yi ciki. An yi mana, mun kuwa san ba ta hana komai ba. Illarta ita ce, ranar da wani ya taɓa ta da gaske, malami ne ko mai shago ko ma ɗan gida, tsoro zai hana ta faɗa miki, don ta riga ta ɗauka ita ce mai laifi. Gara a gaya mata gaskiya daidai hankalinta, a kuma ce mata duk wanda ya yi mata abin da ba ta gane ba, ko ya ce kada ta faɗa wa kowa, to ta zo ta faɗa, ba za a doke ta ba. In kuwa ta zo ɗin, ki cika alkawari.

Ki kuma ƙara mata kulawa a kwano. Jiki yana girma ga jini yana fita duk wata, shi ya sa ƙarancin jini ya yi yawa ga 'yan mata, ki ga yarinya da kasala da jiri ana ce mata raguwa. Wake da hanta da kifi da ganye irin su zogale da alayyahu suna taimakawa, ga su kuwa da araha a wannan lokaci, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli bai fi ƙarfin kowa ba. Lemo ko gwaiba ko tumatir a kan abinci suna sa jiki ya amfana da shi, shayi a kan abinci kuwa yana ragewa. Tun watan Oktoba na 2023 kuma aka shigo da allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa don 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, sai a tambaya a asibiti mafi kusa.

Girman nan nata ba ke kaɗai kika gani ba. Wadda ta yi hutu tana ɗaukar talla, 'yan tasha da 'yan majalisa sun riga ki lura. Watakila har an fara sallama da ita a ƙofar gida, wata tsohuwa kuma ta fara cewa me ake jira. Ga kuma cinikin da take kawo miki, wanda da shi kike tara mata kayan ɗaki, idan ta koma aji zai ragu. Ban raina wannan ba, na san da shi wasu gidaje ke cin abinci. Amma ki auna da kyau. Kwano da katifa ana sayensu a shekara guda, karatun da aka katse a aji biyu na sakandare kuwa da wuya a ɗinke shi. Gobe idan ke ko ita kuka je awo, mace kuke so ta duba ku, macen kuwa 'yar wata ce da aka bari ta gama. A sayar a cikin gida, ko a ba wata dattijuwa ta riƙa kaiwa ana ba ta lada. In tallan ya zama dole, to a yi shi bayan an tashi, a cikin unguwa, a daina kafin magariba. Mutanen karkara kuma, na san girbin gero da cirar gyaɗa da roron wake suna tafe kuma ana bukatar hannu, sai a bar wa yara na yamma da na ranakun da babu makaranta.

Akwai wata yarinyar kuma da ba a cika jerawa da ita ba ranar gwajin kaya, ita ce 'yar riƙo, ko marainiyar da aka kawo miki, ko 'yar abokiyar zama da uwarta ta fita. Ita ke tashi da asuba ta hura wuta, ta yi wa naki wanka, ta ɗaura musu takalmi, ta raka su bakin hanya, sa'an nan ta dawo ga wanke-wanke. Sa'ar 'yarki ce fa. Idan an auna naki a auna ta, idan an rubuta sunansu a rubuta nata. Maƙwabta suna gani ko ba su yi magana ba, ita ma tana gani.

Namijin da muryarsa ta fara buɗewa shi ma kada a ce ai namiji ne a sake shi. Ki san abokansa da sunansu da gidajensu, ki san inda yake tsakanin magariba da lisha. An hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi tun 2018 saboda yadda matasa suka mai da shi abin maye, amma kayan lalacewa ba su ƙare a unguwa ba. Wannan zance ne da ya kamata ubansa ko kawunsa ya zauna da shi a kai, ke kuwa ki tabbata an zauna.

Iyayen 'yan makarantar kwana suna da wani nauyin a zuci wanda iyayenmu ba su sani ba. Bayan abin da ya faru a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, babu uwar da za ta ɗaure akwati ba tare da gabanta ya faɗi ba, kuma ba wanda zai ce mata tsoronta banza ne. Maigida ya je da kansa ya ga makarantar, ya ga katanga da masu gadi, ya ji abin da hukumar makaranta ta tanada, ya karɓo lambar wayar shugaba da ta uwar ɗakin kwana. In hankali bai kwanta ba a nemi canji zuwa ta cikin gari ko ta jeka-ka-dawo tun kafin gurabe su cika. Canjin makaranta daban, cire yarinya daga karatu daban.

Ke kuma 'yar makaranta, na san kina leƙen shafin nan ta bayan kafaɗar Umma, to matso. Wanke kayanki da guga da ɗinke maɓalli aikinki ne, kin wuce a yi miki. Kitso a yi ƙanana masu daɗewa, lallen biki kuma a bar shi ya goge in makarantarku ta hana. Idan kika ga akwatin wata cike da madara da kayan gwangwani, naki kuwa garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji, kada ki raina, ke kika ga yadda aka yi aka haɗa shi. Kada kuma kwaɗayin na wata ya sa ki karɓi kyautar namijin da ba muharraminki ba, ko ki shiga motar wanda ya ce bari ya rage miki hanya. Wadda sakamakon jarrabawarta ya fito bai yi kyau ba, ta share hawaye. Kiredit biyar ake nema har da Turanci da Lissafi, kuma WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu da ake yi wajen ƙarshen shekara. Ki sami Baba da ladabi ki roƙa a sake biya miki, ki kuma nuna da gaske kike ta hanyar ɗaukar littafi tun yau.

Wajen haɗa akwati, uwargida, a rubuta sunan yarinya a jikin komai, bokiti da kofi da cokali da fenti, tufafi da zanen gado kuma da zare a gefe. Duk abin da za a ci a tabbata ya bushe sarai, don iskar Satumba da sauran danshi, dambun nama ko gari da aka ƙulle da ɗumi kafin mako biyu ya yi hunhuna. Sabulu da sukari kada su zauna a leda guda. Gidan sauro da tocila su shiga kafin kayan kwalliya. Mai ciwon sikila ko asma a haɗa ta da maganinta da takardar likita, a kuma damƙa bayanin a hannun uwar ɗakin kwana baki da baki. Kuɗin kashewa a raba biyu, rabi a hannunta, rabi wurin malamar da aka amince da ita. Kafin mota ta tashi ki tambayi ranar ziyara ta farko ki sa a rubuta miki ita a jikin kalanda, ki kuma gaya wa yarinyar wanda zai zo.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A gai da yara.